Daga Kaduna zuwa Alƙahira da Istanbul: nazarin tsarin hutun wani iyali mai mutum huɗu

Iyalin da wannan nazari ya shafa mazauna Malali ne a Kaduna. Maigida ma'aikacin gwamnati ne, uwargida malamar makaranta ce da ke taɓa sayar da abaya da kayan yara a gida, sai ɗansu mai shekara 13 da 'yarsu mai shekara 8. Maigidan ya taɓa sauke farali, amma ta hannun hukumar alhazai, inda wasu ne suka riƙe masa komai tun daga biza har motar da ta kai shi Mina. Sauran ukun ba su taɓa ƙetare iyaka ba. Suna da kwana 14 na hutun Disamba, daga fita gida zuwa dawowa, da kuɗin da suka tara wanda ya kai kimanin dalar Amurka 10,000, ban da jarin dala 3,000 da uwargida ta ware don sarin kaya.

Tsarin da suka fara rubutawa a watan Satumba yana da birane shida: kwana biyu a Alƙahira, ɗaya a Luksor, ɗaya a Iskandariya (duk a Masar), huɗu a Istanbul, ɗaya a Bursa (duk a Turkiyya), uku a Dubai, sannan a koma Alƙahira a kwana ɗaya a hau jirgin gida. Niyyarsu su sayi tikitin zuwa da dawowa tsakanin Abuja da Alƙahira, ragowar kuma su tsinto masu araha ɗai-ɗai a intanet. Ranar tafiya za su hau jirgin ƙasa na safe daga Rigasa su wuce filin jirgi kai tsaye.

Babu birni ko ɗaya a cikin jerin da bai cancanci ziyara ba. Matsalar tana tsakanin biranen. Idan aka ƙirga kowane tashi, har da komawa Alƙahira daga Luksor da Iskandariya, da komawa Istanbul daga Bursa, za a samu tashi 13 cikin kwana 14. A ɗauki guda ɗaya a auna. Jirgi daga Alƙahira zuwa Istanbul yana cin wajen awa biyu da kwata a sama, kuma wannan adadin ne sabon matafiyi yake gani. Amma iyalin da ya bar otal ƙarfe 8 na safe zai ci awa guda a cunkoson Alƙahira, ya zauna awa uku a filin jirgi, ya tashi ƙarfe 12, ya sauka ƙarfe 3 da kwata agogon Istanbul saboda a Disamba Turkiyya tana gaban Masar da awa ɗaya, ya ɓata fiye da awa a layin shige da fice da jiran jaka, sannan ya yi tafiyar fiye da kilomita 40 zuwa tsohon gari. Sai wajen ƙarfe 6 zai aje jaka a ɗaki, rana ta riga ta faɗi. Wannan yini ya tafi, kuma an biya masa kuɗin abinci da masauki kamar kowane yini.

Biza ce ta fara yanke hukunci

Kafin a kai ga gajiya ma, takardu sun riga sun rushe tsarin. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza daban-daban don Masar, Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bizar da ake liƙawa a fasfo tana buƙatar a miƙa fasfon, kuma fasfo ɗaya ba ya zama a ofishin jakadanci biyu lokaci guda, don haka neman bizar Masar da ta Turkiyya jere ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Daular Larabawa kuwa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ta dawo da ita a Yulin 2024 da sharuɗɗa masu tsauri. Ƙara ta a kan tafiyar farko, ga mutum huɗu, cikin wata uku, ƙarin kuɗi ne da ƙarin wurin da za a iya maƙalewa. Dubai ce ta fara fita daga jerin.

Abu na biyu ya fi ɓuya. Bizar yawon buɗe ido da aka fi bayarwa mai shiga ɗaya ce. Da zarar jami'i ya buga hatimin fita a Alƙahira ranar tafiya Istanbul, bizar ta mutu, ko da kwanakinta ba su ƙare ba. Tsarin farko ya tanadi a dawo Alƙahira a kwana a otal. Wannan shiga ta biyu ce. Ko da sun fasa kwanan, tikitin da aka saya daban yana nufin dole su karɓi jakunkunansu su sake auna su, kuma wurin karɓar jaka yana bayan teburin shige da fice. Tun a filin jirgin da za su taso ma'aikacin kamfani zai iya hana su hawa, domin kamfanin ne ake ci tara idan ya kawo fasinjan da ba shi da izinin shiga. Wannan kuskuren shi ne mafi tsada a duk tsarin, kuma ba ya bayyana sai ranar da ba a iya gyara shi.

Da aka baje fasfo huɗun a kan tebur, sai aka ga na yarinyar zai ƙare a watan Mayu, wato saura wata biyar daga ranar tafiya. Ƙa'idar da ofisoshin jakadanci da kamfanonin jirage suka fi bi ita ce fasfo ya kasance da sauran wata shida. Dole aka sabunta shi kafin a nemi kowace biza. Daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000 a cikin gida, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000, kuma sai sunan da ranar haihuwa sun dace da abin da ke kan NIN. Sabuntawar ta cinye makonni daga cikin wata ukun da suke da shi, shi ya sa duba ranar ƙarewar fasfo ya kamata ya riga duba farashin jirgi.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu musamman. Uwargida tana amfani da sunan mahaifinta, yara suna ɗauke da sunan farko na babansu a matsayin sunan iyali, shi kuma maigida yana ɗauke da sunan nasa mahaifin. Mutum huɗu, sunan iyali uku. A wurinmu wannan ba abin tambaya ba ne, amma jami'in biza takarda yake karantawa. Aka haɗa takardar aure da takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a cikin kowane fayil, aka kuma riƙe kwafi a jakar hannu har ƙarshen tafiya. Sauran takardun su ne waɗanda aka saba: bayanan asusun banki na wata shida da hatimin banki, wasiƙar wurin aiki mai nuna an ba da hutu da ranar komawa, wasiƙar makarantar yara, inshorar tafiya, shaidar kama masauki da ta ajiye kujerar jirgi. An shawarci maigida kada ya karɓi aron kuɗi ya zuba a asusu ana saura mako. Kuɗin da ya faɗo dare ɗaya a kan asusun albashi yana jawo tambaya fiye da asusu mai matsakaicin kuɗi da ke shiga da fita a tsare.

An fara da bizar Turkiyya, domin ita ce idan ba ta fito ba tsarin gaba ɗaya zai canja, a koma Masar kaɗai a dawo da Luksor da aka riga aka cire daga jerin. Ba a biya kuɗin tikiti ba sai da bizar biyu ta shigo hannu. Masaukin da aka kama duk irin wanda ake iya sokewa kyauta ne har zuwa 'yan kwanaki kafin ranar shiga. Ya ɗan fi tsada, kuma ya cancanci bambancin.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara ma yana da lokacinsa. Masar tana neman sa daga wanda ya fito ƙasar da cutar take, Najeriya na ciki. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Katin da ake karɓa shi ne sabon mai lambar da ake dubawa da na'ura, wanda ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa yake bayarwa tun 2019. Wanda aka saya a bakin filin jirgi ba tare da allura ba yana iya faɗuwa a gwaji, ga kuma yaro ya tafi ba kariya.

Tikiti ɗaya, lamba ɗaya

Da biranen da za a kwana suka koma biyu, Alƙahira da Istanbul, aka nemi ejan mai sayar da tikiti ya haɗa dukan zangon a tikiti guda ƙarƙashin lambar ajiya ɗaya: Abuja zuwa Alƙahira, Alƙahira zuwa Istanbul, Istanbul zuwa Abuja. EgyptAir da Turkish Airlines duk suna zuwa Abuja, kuma kowannensu yana iya rufe wannan zagaye. Da na Masar, zuwa kai tsaye ne, wajen awa biyar, dawowa kuma a yada zango a Alƙahira ba tare da fita daga cikin filin jirgi ba. Da na Turkiyya, zangon yana wajen zuwa, dawowar ce kai tsaye, kusan awa bakwai. A duka biyun, tunda tikiti ɗaya ne, jaka tana wucewa da kanta kuma zangon ba ya cin biza. Idan jirgin farko ya makara aka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa fasinja a wani. A tikitin da aka saya daban-daban, kamfani na biyu bai san da na farko ba, kuma sabon tikitin mutum huɗu a ranar tafiya yana iya cinye rabin guzuri.

An duba tashi daga Kano ma, tunda nisan Kaduna da Kano bai wuce kilomita 230 ba kuma akwai jirgin Alƙahira daga filin Malam Aminu Kano. Wani lokacin ya fi sauƙi. Ranakun tashin ne ba su dace da hutun maigida ba, domin ba kowane kamfani ke tashi kullum ba.

Tikiti ɗaya yana da nasa sharaɗin. Ana amfani da zangon ne a jere. Wanda ya tsallake ɗaya, ko don ya makara ko don ya ga wata hanya, na'ura tana soke duk ragowar har da na komawa gida. Haka nan nauyin kaya ba lallai ya zama ɗaya a kowane zango ba. Idan an tsaya a gari fiye da awa 24, zangon da ke biye yana iya zuwa da nasa ƙa'idar. A takardar tikiti, gaban kowane zango akwai alama: 2PC jaka biyu, 1PC jaka ɗaya, ko adadin kilo. Wannan ne ya sa aka sa Alƙahira a gaba, Istanbul a ƙarshe. Sarin uwargida a Istanbul yake, kuma zangon gida ne mai jaka biyu masu kilo 23 ga kowane mutum. Da an juya tsarin, da an ja kayan sari ta zangon tsakiya an biya musu kuɗin ƙari.

Tikitin arahar da maigida ya gani a intanet ya zo da abubuwa biyu da bai lura da su ba. Farashin bai haɗa da jakar aunawa ba, sannan jirgin yana sauka a Sabiha Gökçen, ɓangaren Asiya. Istanbul tana da filayen jirgi biyu da suke nesa da juna ƙwarai: babban mai alamar IST a ɓangaren Turai, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a Afrilun 2019, da wannan mai alamar SAW. Alƙahira ma tana da na biyu, Sphinx, a yamma wajen Giza. Haruffa ukun nan da ke kan tikiti su ne adireshin, ba sunan gari ba.

Bayan an biya ejan, an karɓi lambar tikiti mai lamba 13 ga kowane mutum da lambar ajiya mai harafi shida, aka shiga shafin kamfanin jirgin aka tabbatar. Takardar ajiye kujera da tikitin da aka biya suna kama da juna a ido, amma ta farko ba ta da lambar tikiti kuma tana mutuwa da kanta. A nan aka kama cewa an rubuta sunan yaron Mohammed alhali fasfonsa Muhammad ne. Aka gyara a ranar. Da an bari sai a filin jirgi, gyaran yana iya zama sabon tikiti. Ejan mai rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko ɗan NANTA, ƙungiyar ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, yana da wurin da za a kai ƙararsa, mai aiki daga waya kaɗai ba shi da shi.

Batun jirgin ƙasa na safe kuma an soke shi ba gardama. Layin Rigasa zuwa Idu a Abuja, mai tsawon kilomita 186, yana aiki tun 2016 kuma hanya ce mai kyau, amma ya sha tsayawa, tikitinsa yana ƙarewa da wuri a lokacin bukukuwa, kuma titin Kaduna zuwa Abuja ba a yi masa alkawarin awa. Jirgin sama na cikin gida a Disamba yana hannun hazo. Kwana ɗaya a Abuja, a masauki mai sauƙi ta hanyar filin jirgi, shi ne inshora mafi araha a duk tafiyar.

Yadda kwanakin suka zauna

Laraba aka bar Kaduna, Alhamis aka tashi. Kwana biyar a Alƙahira, a otal ɗaya a tsakiyar gari. Juma'a aka yi salla a Masallacin Azhar, wanda aka kammala gininsa a 972, aka tsallaka zuwa Masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili. Asabar tun da sassafe aka tafi dalar Fir'auna a Giza, da rana aka shiga babban gidan tarihin da ke kusa da ita, wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025. Lahadi Iskandariya, a je a dawo a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Litinin ganuwar Salahuddin da Masallacin Amr ibn al-As, da la'asar a huta a haɗa kaya.

An zaɓi Talata don tashi zuwa Istanbul da gangan, saboda fadar Topkapi, inda ake ajiye kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, a rufe take ranar Talata. Babbar kasuwar rufi kuma ba ta buɗewa ranar Lahadi. Wanda bai san waɗannan biyun ba, kuma ya ba garin kwana biyu, yana iya komawa gida bai ga ko ɗaya ba. Laraba aka yi Topkapi, Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmad, duk a fili ɗaya ake takawa. Ayasofya ta koma masallaci a Yulin 2020, kuma tun Janairun 2024 baƙon da ya zo kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene, ƙasa kuma an bar wa masu salla. Alhamis ta zama ta uwargida a Laleli da Merter, unguwannin sarin kaya, maigida ya ɗauki yara suka hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar. Juma'a a Masallacin Eyüp, inda kabarin Sayyidina Abu Ayyub al-Ansari yake. Asabar kasuwa. Lahadi ba a rubuta mata komai ba, kuma ita ce ta ceci tsarin, domin ruwan sama ya hana fita yammacin Juma'a, abin da aka rasa aka mayar da shi can. Bursa ta fita daga jerin don a samu wannan ranar.

Masauki a Istanbul an kama shi a kan layin taragon T1, tsakanin Aksaray da Sultan Ahmad, don ya haɗa kasuwar sari da wuraren ziyara. Katin Istanbulkart ɗaya yana biya wa mutum fiye da ɗaya a tarago, bas da jirgin ruwa. Wajen kama ɗaki an rubuta mutum huɗu da shekarun yara, aka samu ɗakin iyali. Da yawa suna rubuta manya biyu don farashi ya sauka, su isa a ce ɗakin ba ya ɗaukar huɗu, su biya na biyu a farashin ranar. A tuna kuma ɗaki ba ya samuwa sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, ana fita ƙarfe 12.

Disamba tana da gajeren yini. A Alƙahira rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, a Istanbul ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8. Sanyin Istanbul ba irin hunturun Kaduna ba ne mai bushewa da ke sakin jiki da hantsi. Jiƙaƙƙe ne, da iska daga teku, ma'auni yana yawo ƙasa da digiri 10 yini guda. Rigunan sanyi masu kauri da takalma rufaffu an saye su a Kasuwar Barci kafin tafiya, a kan kuɗin da bai kai na riga ɗaya a can ba. Adafta mai ƙafa biyu zagayayyu, wadda Masar da Turkiyya duka suke amfani da ita, da ƙaramin sikelin rataye, an same su a Kasuwar Sheikh Gumi. Maganar ƙasaru ma gara a tambayi malami tun a gida, tunda a mazhabar Malikiyya niyyar zaman cikakkun kwana huɗu tana yanke ta, kuma zaman garuruwan biyu ya kai haka.

Kuɗi, da inda aka yi tuntuɓe

An raba dala 10,000 ɗin da iyaka ga kowane fanni: 4,400 tikiti, 1,320 masaukin kwana 11 a waje, 900 biza, fasfo, inshora da zirga-zirgar Abuja, 880 abinci, 900 sufuri da kuɗin shiga wurare, 600 tsaraba, sai 1,000 da aka ce ba za a taɓa ba sai dole. Waɗannan iyakokin iyalin ne, farashi kuwa yana motsi da lokaci da canji. Kason ƙarshen shi ne wanda aka fi jarabtuwa a cinye tun a Kaduna, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba.

Kuɗin an kasa su gida uku: tsaba a jikin maigida, tsaba a jikin uwargida, da katin asusun dala. Takardun dala sababbi ne masu tsabta, domin 'yan canji a ƙasashen biyu suna ƙin tsofaffi ko su karya musu farashi. Kuɗin guzurin matafiyi da ake nema ta banki da Form A iyakarsa dala 4,000 a wata uku, kuma a Fabrairun 2024 Babban Banki ya ce ta kati za a riƙa biyan sa, ba tsaba ba. Wanda zai fita ko ya shigo da abin da ya haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastam.

Kati ba zaɓi ba ne a wannan hanya. Tun 2023 manyan wuraren tarihin Masar, har da Giza, sun koma karɓar kati a maimakon tsaba. A nan aka yi tuntuɓen farko. Otal ɗin Alƙahira ya riƙe wani kaso a katin a matsayin jingina ranar shiga, maigida bai lissafa da shi ba, kuma bai zuba da yawa a katin ba don yana ganin tsaba ta fi aminci. A ƙofar Giza katin ya ƙi. Katin naira na uwargida ne ya fitar da su, saboda bankinta yana cikin waɗanda suka dawo da biyan kuɗi a waje a 2025, kuma ta je reshe ta tabbatar an buɗe mata kafin tafiya. Kuɗin jingina yana iya ɗaukar kwanaki bayan an bar otal kafin ya dawo, don haka a tafiya mai otal biyu a ɗauka cewa jingina biyu za su haɗu a kan kati ɗaya. Idan na'urar POS ta tambaya ko a cire da dala ko da kuɗin ƙasar, a zaɓi kuɗin ƙasar, canjin na'urar ya fi na banki tsada.

Tuntuɓe na biyu Iskandariya ce. Nisan kusan kilomita 220 ne, jirgin ƙasa yana cin awa biyu da rabi zuwa uku. An ga ganuwar Ƙaitbai da ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, an ci kifi a bakin teku, amma awa shida a hanya bayan yinin Giza ya kwantar da yarinyar, rabin Litinin ya tafi a ɗaki. A ra'ayinmu, da yaro ƙasa da shekara 10, ko dai a kwana can da ƙaramar jaka a bar manyan a ajiyar otal, ko a sa ranar hutu tsakanin Giza da tafiyar. Jera yini biyu masu nauyi shi ne kuskuren, ba zuwa garin ba.

Na uku kilo ne. Mutum huɗu, jaka takwas, kilo 184 a takarda. Amma ba a haɗa nauyin a raba. Kowace jaka 23 ne iyakarta, wadda ta kai 27 ana cajin ta ko da 'yar uwarta 15 ce. Sun bar gida da jaka huɗu da wasu huɗu marasa nauyi a naɗe a ciki, wanda dabara ce mai kyau, amma sarin ya zarce da kilo 30. Sikelin ya nuna haka daren Juma'a, don haka Asabar aka kai rarar wurin masu kargo a Laleli aka karɓi rasit mai lambar bibiya. Da sai Litinin a filin jirgi aka gano, kuɗin jakar ƙari zai cinye ribar kayan. Kayan da yawansu ya nuna na sayarwa ne kuma suna iya jawo haraji a kwastam, ya kamata wannan ya shiga lissafin jari tun farko.

Abubuwa biyu an tsare su da ƙarfi tun daga gida. Ba a karɓi sallahun kowa a rufe ba, na dangi ma sai an buɗe an gani, domin abin da ke jakarka naka ne a gaban hukuma. Magani kuma an tafi da shi a kwalinsa da takardar likita. Tramadol da magungunan da ke da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Masar, mutane sun shiga kurkuku a kansu. Fawa bank yana jakar hannu, ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 yana jakar aunawa. Kowa yana da hoton fasfo da biza a waya da kwafi a takarda, asalin kuma a wuri ɗaya a jikin babba. Dalilin wannan tsantseni a Turkiyya ya fi ƙarfi: ofishin jakadancin Najeriya yana Ankara, fiye da awa huɗu a jirgin ƙasa mai sauri daga Istanbul, kuma can za a je neman takardar komawa gida idan fasfo ya ɓata.

Litinin suka taso, suka kwana Abuja, Talata da rana suka shiga Kaduna. An umurce su kada su bar wurin karɓar kaya sai sun ƙirga jaka takwas sun duba kowace, domin rahoton jakar da ta ɓata ko ta fashe a teburin kamfani ake cike shi kafin a fita, kuma Yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana 7 don ƙorafin lalacewa, kwana 21 don jinkiri. Takwas ɗin sun iso. Daga dala 1,000 na ko-ta-kwana an taɓa 260, mafi yawa a kuɗin kargo da tasi a ranakun ruwa. Jinginar otal ɗin Istanbul ta dawo katin bayan kwana tara, kayan kargo kuma suka iso Kano a mako na uku, aka ɗauko su a motar Kawo.